Walkin Kawu da Rigar Saje

Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan kokawa ne, kuma a duk ƙasar Ƙanƙara da abu ɗaya aka san shi: ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. An sha raba shi da wani don magariba ta yi, amma kaye dai babu wanda ya taɓa yi masa. Ba shi ke faɗin haka ba. Mutane ke faɗa a gabansa, shi kuma ya kau da kai kamar bai ji ba, alhali babu kalma ɗaya da ta wuce shi.

Shi ya koya mini kokawa a yashin ƙoramar da ke bayan ƙauyenmu, kusa da Pauwa. Ka tuɓe daga kai sai bante, ka shiga, ya yi ta jujjuya ka har ka gane inda ake riƙe mutum: wuya, ƙugu, bayan cinya. Dokarsa guda ce, kuma ita ce dokar kowane fage a wajenmu. Tafin ƙafa kaɗai ke da izinin taɓa ƙasa. Hannu ko gwiwa ya taɓa, to ka faɗi, komai kyan abin da ka yi bayan nan.

'Ya'yan Kawu shida ne, duka mata. Yana da wani walki na fatar akuya da ya gada wurin mahaifinsa, wanda ake ɗaurawa a ƙugu ranar babban wasa. Ya yi baƙi, ya yi laushi saboda gumin mutum biyu, yana rataye a ƙusa a ɗakinsa. Kowa a ƙauyen ya san ni ake ajiye wa. Ni ma na sani, kuma sanin nan ne ya kumbura mini kai tun ban isa ba.

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, malamai suka yi ƙaranci, har irina da ya gama aji bakwai da ƙyar aka kira. Aka yi mana kwas na 'yan watanni, aka tura ni Faskari ina ɗan shekara ashirin. Lokacin kuɗin mai ne. Wanda bai taɓa hawa keke ba sai ga shi da babur, kowane zaure da rediyo, kullum mota na sauke wani abu daga Kaduna da ba wanda ya roƙa. A cikin irin waɗannan kaya ne aka sauke kwali biyu na fararen riguna masu kauri da ɗamarunsu, da takarda cewa a koya wa matasa judo, wato kokawar da ake yi da riga.

Mutum ɗaya ne a garin ya san kanta, wani tsohon soja da kowa ke kira Saje. A bariki ya koya, aka sallame shi bayan yaƙin basasa, ya dawo yana tsaron sito. Ya roƙi aji ɗaya a makarantarmu, ya jera buhunan auduga a ƙasa, ya shimfiɗa tamfol a kai. Ranar farko ba koyo ya kai ni ba, dariya na je yi. Na tsaya a ƙofa na sanar da shi ko ɗan wa nake, na ƙara da cewa a wajenmu mai sa riga ya shiga fage sai mai jin sanyi. Saje ya miƙo mini riga. Siriri ne, kansa iyakar kafaɗata. Ya kama wuyan rigar da hannu ɗaya, hannun rigar da ɗayan, sai kawai na ga ina kallon kwanon rufi. Na tashi na ce ban shirya ba. Ya bari na shirya, na sake kallon kwanon. A karo na uku na tambaye shi ƙarfe nawa ake zuwa.

Gaskiya na so abin. Riga tana ba ka wurin riƙo ko'ina, tana rage wa wasa sauri, har ka sami damar yin tunani kana tsakiyar kokawa. A wurin Kawu ba haka ba ne. Jiki ne tsirara da gumi, ka riƙe yanzu ya suɓuce yanzu, wanda ya tsaya tunani ya sha ƙasa. Ga shi kuma Saje yana ta maganar gasa a Kaduna, da takardar shaida, da yadda ake ɗaukar waɗanda suka iya aikin ɗan sanda. Kawu ba shi da takarda, walki kawai gare shi.

Da na je gida na kai masa rigar ya gani. Ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya ce za ta yi amfani da sanyin asuba. Tun da na fara koyarwa yake kira na Malam don tsokana, ranar ma da shi ya fara.

"Malam, ni ban hana ka ba," in ji shi. "Amma hannunka zai koyi riƙon tuhwa, ya mance riƙon mutum. Ka dubi wadda kake so ka tsaya mata."

Na ce masa duka biyun zan yi, ai kokawa kokawa ce. Ya ce to. Duka biyun nan da na faɗa, a aikace kwana biyar ne a cikin riga, sai ranar da na samu mota na je gida in ɗan taɓa yashi. Wani lokaci wata guda ya wuce ban je ba.

Da kaka ta yi aka gama sussuka, mutanen wani ƙauye a wajen Sabuwa suka aiko wa ƙauyenmu goron gayyatar kokawa. Ranar kasuwarsu ce, bayan la'asar. Muka cika a-kori-kura da 'yan kokawa da makaɗa. Muna isa, Kawu ya ja ni bayan wata tsamiya, ya buɗe jakarsa, ya fito da walkin. Da hannunsa ya ɗaura mini, ya ja igiyar ya ƙulle, bai dube ni ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin tsoro irinsa ba.

Wanda aka haɗa ni da shi mahauci ne, gajere, wuyansa kamar turmi, jikinsa sai sheƙi yake da gumi. Muna haɗuwa hannuna na dama ya tafi ƙirjinsa yana laluben wuyan riga. Babu riga. Na janye, hannun ya sake komawa da kansa. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce malamin makaranta aljihu yake nema, fage ya ɗauki dariya. Raina ya ɓaci, kuma ni idan raina ya ɓaci sauri nake yi. Na samu damtsensa na riƙe, na juya na ba shi baya, na durƙusa na jefo shi ta kan kafaɗata. Wannan shi ne kayen da Saje ya fi yaba mini. Mahaucin ya tashi sama ya faɗo da baya, ƙura ta tashi.

Na miƙe na ɗaga hannu ina jiran kiɗa. Makaɗanmu ba su taɓa ganga ba, na can gefen ne suka ɓarke. A wurin Saje durƙuson nan halas ne, shi ne ma daɗin kayen. A nan kuwa gwiwata ta riga bayan mahaucin isa ƙasa, kuma kowa ya gani.

Maimakon in yi shiru sai na hau gardama. Na ce a dubi wanda ke kwance, na ce a Kaduna da an ba ni, har na kira dokar tasu ƙauyanci, a gaban dattawa, da walkin kakana a ƙuguna. Kawu ya ratso fage a hankali. Ya sunkuya, ya sa tafin hannunsa ya kakkaɓe yashin da ke manne a gwiwata ta dama, ya nuna mini tafin.

"Ka hwaɗi," in ji shi. "Tahi ka ba shi hannu."

Na je na ba shi. A mota babu wanda ya yi mini magana, ni ma ban nema ba. Washegari da sassafe na naɗe walkin na ajiye a bakin ƙofar Kawu, na kama hanyar Faskari ba tare da sallama ba. A raina na yanke cewa zaɓin ya yi kansa: ni na riga ne, walki kuma ya nemi mai shi. Na yi wata uku ban taka gida ba. Kunya ce, amma a lokacin ce wa kaina nake aiki ya yi yawa.

Wata ranar Laraba da yamma muna cikin wasa, na ga inuwa a ƙofar aji. Kawu ne, da babbar rigarsa da jakarsa, gashin auduga duk ya manne masa don motar auduga ya biyo. Lokacin ya haura sittin. Ya gaisa da Saje, ya zauna a benci, ya kalle mu har muka gama, ni kuwa duk na rikice. Sannan ya roƙi Saje ya sallami sauran ya rufe ƙofa. Muka rage mu uku.

Ya fara da cewa a ba shi rigar ya ji abin da ya sace hannun ɗansa. Babu wadda ta rufe masa ciki, ɗamara ma da ƙyar ta zagayo. Saje ya kama wuyan rigar cikin ladabi yana cewa Baba a yi haƙuri, ya ja, ya tura, ya sa ƙafa, Kawu ko gezau. Shi ma Kawu ya kama rigar Saje ya jijjiga, ya gyaɗa kai, ya ce lallai akwai ilimi a ciki, ba wasan banza ba ne. Daga nan ya tambaye shi ko kayen nan na kafaɗa yana yiwuwa ba tare da gwiwa ta sauka ba. Saje ya ce yana yiwuwa, sai dai mutum ya lanƙwasa ƙafa sosai ya tsaya a kan cinyarsa, kuma sai an yi ta yi da mai nauyi kafin jiki ya karɓa. Ya ce yaransa duk ba su da nauyi.

Kawu ya cire rigar ya ajiye. Ya ce ni ma in cire tawa.

"Ga mai nauyi," in ji shi. "Kama ni ka yi wanga kaye naka."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce ba shawarata ya nema ba. Na kama damtsensa, na juya, gwiwata ta sauka, ya wuce ta kaina ya faɗi da baya a kan tamfol. Ƙarar faɗuwar nan har yau tana kunnena. Ya ɗan jima a kwance, sannan ya tashi ya ce gwiwa ta taɓa, a sake. Na sake, ta taɓa. Saje ya durƙusa a gefe yana leƙen ƙafata, Kawu yana tashi yana cewa a sake. Tun ina ƙirgawa har na daina, don hawaye nake yi, gumi yana rufa mini asiri. Can wajen faɗuwar rana cinyata ta riƙe, na jefa shi ina tsaye a kan tafin ƙafata. Saje ya ce ba ta taɓa ba. Kawu ya ce a ƙara uku don kada ta zama sa'a.

Da muka gama ya zauna a kan buhu yana mayar da numfashi, hannunsa a ƙugu. Ya ce wa Saje ya zama shaida, auduga ce ya faɗa a kai, ba ƙasa ba. Saje ya ce ko a gaban alƙali zai faɗi haka. Suka yi dariya, ni na kasa. Sai ya jawo jakarsa, ya fito da walkin a naɗe yadda na ajiye shi, ya ɗora mini a cinya.

"Ni na ɗaura maka. Wa ya ce ka kwance?"

Ya ce in ci gaba da zuwa wurin Saje, mutumin kirki ne kuma ya san aikinsa, amma kwana biyu a mako a tuɓe riga a riƙe mutum. Saje ya karɓa, har ya mayar da ita doka ga kowa. Haka na yi shekaru ina yi, Litinin da Alhamis ba riga, sauran kwanaki da riga. Na je Kaduna sau ɗaya, ban yi abin kirki ba. Na shiga fage da walkin nan kaka takwas, na yi kaye an kuma kayar da ni, amma gwiwata ba ta ƙara cin amanata ba.

Tun daga ranar nan Kawu bai ƙara miƙewa daga zaune ba sai ya dafa wani abu. Iyalinsa suka ɗora wa tsufa da motar auduga, shi kuma bai gyara musu ba. Na sha niyyar yi masa godiya, da na buɗe baki sai ya tambaye ni labarin makaranta. Ban taɓa samun faɗa masa ba, shi ya sa nake faɗa a nan.

Da ya rasu, tsofaffin 'yan kokawa suka zo gaisuwa daga Ƙetare, daga Faskari, har daga wajen Sabuwa. Mahaucin nan ma ya zo, ya yi furfura. Muna zaune a zaure wani dattijo ya ce an yi rashin namiji, mutumin da har ya koma ga Allah ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Kowa ya ce haka ne. Saje ya riga shi rasuwa, saboda haka ni kaɗai na rage da na san irin buguwar da bayan nasa ya sha a yamma ɗaya, da kuma saboda wa. Suka juyo suna jiran ta bakina, tunda ni ne magajin walki.

Na ce haka ne, ba a taɓa ba.