Langa Ba Murfi

In na narka man kaɗe a tafin hannuna, ruwan damina kuma ya taɓa gashin karen da ke kwance a ƙofar ɗakina, warin biyun ya haɗu, sai in ga ba a Unguwar Boro nake ba. Sai in gan ni a gindin rumbun kakana, can ƙauyenmu na kudu, ƙarƙashin duwatsu, ina 'yar yarinyar da ko zani ba ta iya ɗaurawa da kyau ba. Ba daɗi nake ji ba in na tuna. Amma hancin mutum ba ya tambayarsa kafin ya kai shi inda zai kai shi.

Kakana maharbi ne. Yana da wani kare ja mai farin wuya, ya sa masa suna Ƙyale-su. A wajenmu haka ake yi: in kana da magana da dangi ba ka son faɗa musu ido da ido, sai ka raɗa wa kare ita, kullum ka tsaya tsakar gida kana kira, mai laifi yana ji. Har kaka ya mutu ba mu san da wa yake ba. Karen nan ya ciyar da gidanmu. Da rani, in an ƙone daji, shi ke tono gafiya, shi ke tayar da zomo da gada. Duk miyar da ta ga nama a gidanmu, albarkacin haƙorinsa ta gani.

Sai tsufa ya kama su tare, kaka a gwiwa, kare a ƙugu. Da farko in zai tashi sai ya yi ta lilo kamar mai shawara da kansa. Daga baya ƙafafun bayan suka fara jan ƙasa, faratan suna zana layi a turɓaya. In kaka ya ɗauko baka don ya gyara tsarkiya kawai, sai karen ya yunƙura, gaban ya miƙe, bayan ya ƙi. Ya waiwaya ya dubi ƙafafun kamar na wani ne aka ɗaura masa.

Kakata ce ta samo dabara. Ta ɗauko tsohon majanyin da ta goyi ubana da ƙannensa da shi, ta zura ta ƙarƙashin cikin karen daidai ƙugu, ta haɗa bakin biyu a hannu ta ɗaga kaɗan. Da ya ji nauyi ya ragu, sai ya taka. Haka suke fita bayan danga safe da yamma, tsohuwa a sunkuye, kare a gaba, ya yi abin da zai yi su dawo. In rana ta yi sanyi sai ta narka man kaɗe a ƙoƙo guda, ta murza wa kaka gwiwa, abin da ya rage ta murza wa kare ƙugu. Ni ina gefe ina kallo. Kallo ne aikina tun ina yarinya, har yau kuma ban bari ba.

Ubana da ƙannensa ba su so abin ba. Kar ku ɗauka mugaye ne. Shekarar ce ta yi tsanani, damina ta yi nisa, acca ta ƙare, dawa ta koma gindin rumbu. Duk lomar da aka jefa wa kare, ido na bin ta. A lokacin akwai masu yawo ƙauye-ƙauye a kan keke, da kejin waya a baya, da kwanuka a rataye suna ƙara tun daga nesa. Musanya suke yi, ka ba da kare a ba ka kwano. Kowa ya san inda karen zai ƙare, masu cin namansa ba nisa suke da mu ba. Lafiyayyen kare mai ƙiba, langa ce da murfinta.

Wata Lahadi aka riƙe kaka aka kai shi coci, kakata na biye da sandarsa. Ni aka bar ni gida saboda zazzaɓi. Mai keke ya zo. Na ga ƙanen ubana ya ɗauko Ƙyale-su a hannu kamar kayan wanki. Mai keken ya tattaɓa haƙarƙarinsa, ya taɓe baki, ya ce wannan ai ƙashi ne da fata. Ya kwance wata langa mai jan fure, ya cire murfin ya mayar jaka, ya miƙa gindin kawai. Karen bai yi haushi ba. Ta cikin wayar yana kallon ƙofar ɗakin kaka har suka sha kwana.

Da kaka ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ga majanyi a yashe a gindin rumbu, ya ga sabuwar langa a kan turmi. Ya ɗauka ya juya ta a hannu, ya ce, "Ina murfin?" Ya ajiye ta. Ya ce, "To. Ashe tsoho ba ya kai murfi."

Ba a daɗe ba kakata ta rasu, aka rasa mai murza masa mai, ƙafafunsa suka ƙi shi gaba ɗaya. Ƙanen ubana zai yi aure ana neman ɗaki, sai aka mayar da kaka 'yar bukkar gindin rumbu, inda karen ke kwana a da. Kuma ban sani ba ko mantuwa ce, a langar nan ake zuba masa tuwo, a buɗe, ƙudaje na bin ta. Ni ke kai masa. Wata rana muka ji ƙarar kwanukan mai keke a hanya, sai ya ɗaga murya yadda duk gida zai ji: "Ku tsayar da shi! Ku tambaye shi ko zai karɓe ni, ku samo murfin langarku." Matan gida suka yi dariya, wai tsoho da ba'a. Ni ina kusa da shi, na ga fuskarsa. Ba ba'a yake ba.

Na girma, na yi aure, muka zo Kaduna. Mijina ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta, har Allah ya ɗauke shi. Ni kuma na yi shekaru ina girki da wanki a gidan wani ma'aikacin gwamnati a Barnawa. Suna da karen gadi, ƙato, baƙi, mai sunan Turanci da harshena bai taɓa iya juyawa ba. Ni ke zuba masa abinci, amma ban taɓa shafa kansa ba, ba na wasa da kare. Da gwiwoyina suka fara ciwo, na bar aikin na koma wurin ɗana na fari, wanda ke tuƙa tanka a wajen Rido.

Bara na ji maigidan nan ya rasu, matar ta koma wurin 'ya'yanta a Abuja. Na shiga Keke mai ƙafa uku na je, ko maƙwabta in yi wa gaisuwa. Na tarar da get a kulle, maigadi ma ya tafi. Ina juyawa na ji wani abu kamar tari daga ciki. Na leƙa ta ƙasan get, ga karen nan kwance cikin fitsarinsa, baki duk furfura, yana jan gindi a kan siminti zai zo wurina. Wata maƙwabciya ce ke wurgo masa ragowar shinkafa ta kan katanga in ta tuna, makullin ƙaramar ƙofa ma a hannunta yake. Ta buga waya Abuja. Aka ce ai sun ɗauka maigadi ya tafi da shi, duk mai so ya ɗauka.

Mai Keken da na tsayar wani malam ne daga Makera, carbinsa a rataye jikin madubi. Da ya ga abin da muka cicciɓo ni da maƙwabciyar, sai ya ja baya.

"Haba Iya! Kare a Kekena? Da alwalata fa nake."

Na ce, "Malam, ba hannu zai ba ka ba. Kai dai tuƙa."

Ya dubi karen, ya daɗe yana dubansa. Sai ya zaro buhu daga ƙarƙashin kujera ya shimfiɗa. "Ki juya bakinsa waje, kar yawun ya taɓa min kujera. Kai, wasu ba sa tsoron Allah. Shi ma ai rai ne."

Gidan ɗana ko'ina tayil ne, mai santsi. In karen ya taka sai ƙafafun su baje kamar na kwaɗo. Ni kaina sai na dafa bango. Na jera masa tsofaffin buhuna daga ƙofata har bakin kwata. Sannan na buɗe akwatina na ciro majanyin da na goyi 'ya'yana duka da shi, saƙi ne mai kauri, ya koɗe amma bai yage ba. Na zura, na ɗaga, hannuna ya tuna abin da ido kawai ya taɓa gani. Na sa masa suna Tsoho, ya kuwa amsa. Haƙoransa sun zube, sai in jiƙa masa tuwo da ruwan miya ya yi laushi, in ɗora kwanon a kan bulo don kar ya sunkuya. Likitan dabbobi ya zo ya latsa ƙugun, ya ce ya riga ya cinye, ba ya warkewa, sai dai a rage masa zafi. Ya ba da ƙwaya, ina tura ta cikin busasshen kifi. Ya ce a riƙa juya shi in ya daɗe a gefe guda, kar ya yi gyambo.

Matar ɗana ba ta da laifi. Ita ta kira likitan, ita ke wanke buhunan in ya ɓata su, ba ta kuma taɓa faɗa min magana ba. Ɗana ne. Ranar da ya ga majanyin ya tsaya cak.

"Mama, wannan ba majanyinmu ba ne? A jikin kare?"

Na ce, "Kai ma ka yi fitsari a cikinsa, ban jefar da kai ba."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Daga nan kullum da magana. Gida na wari. Kare ba ya gadi, ba ya haushi, wahala kawai yake sha, a hutar da shi. "Ke kanki ba ki iya sunkuyawa, Mama. Wata rana tare za ku zube." Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Sai kuma na tsinci wata magana ta bayan taga, ba da ni yake yi ba, da matarsa: wai ƙauye ya fi wa tsofaffi, ga iska, ga ɗaki a can ba kowa ciki. A mako guda na ji maganganun biyu. Na dai ajiye su kusa da juna.

Yanzu masu sayen karnuka ba keke suke hawa ba, mashin ne, da kejin ƙarfe da hon. Wata Asabar da hantsi ina murza wa Tsoho mai, na ji mashin ya tsaya a get. Ɗana ya shigo, ya ƙi yarda mu haɗa ido, wani mutum na biye da shi. Mutumin ya tsuguna, ya kai hannu ya tattaɓa haƙarƙarin, ya taɓe baki. Allah ya sani, na san hannun nan, na san taɓe bakin nan, ko da yake ban taɓa ganin mutumin ba.

Ban tashi ba. Na ce wa ɗana, "Da murfi ko ba murfi?"

"Murfin me, Mama?"

Bai san labarin ba, ban taɓa ba su ba. Na ba shi a nan gaban baƙo, tun daga majanyi har langa har bukkar gindin rumbu. Ban yi kuka ba, ba halina ba ne. Da na gama na ce, "In kun gama, ka tambaye shi ko mashin ɗinsa na zuwa ƙauye. A haɗa tafiyar, kar a ɓata mai sau biyu."

Mai mashin ya miƙe yana karkaɗe hannu. "Oga, wannan maganar gida ce, ni ba ruwana." Ɗana ya raka shi get. Gwiwata ce ta tsufa, kunnena bai tsufa ba, na ji abin da ya ce masa. Bai ce kar ka dawo ba. Cewa ya yi, "Ka bari tukuna."

Tukuna. Da kalmar nan nake kwana, da ita nake tashi.

Makon jiya ruwa ya kwana yana zuba. Gari ya waye na yunƙura, saman ya tashi, ƙasan ya ƙi. Tsoho yana ƙofa yana kuka ƙasa-ƙasa, fitsari ya matse shi, shi kuma ba ya son ɓata shimfiɗa. Na ja labule. Ɗana ya fito da takalmin aiki, makulli a hannu. Ya dubi kare, ya dubi ƙofata. Sai ya sa makullin a aljihu, ya ciro majanyin daga igiya. Ya zura shi a karkace, ya fizga sama har ƙafafun suka bar ƙasa, yana sauri, fuska a kauce.

Na buga taga. "Sassauta! Ba buhun siminti ba ne. Bar shi ya ji ƙasa. Kai za ka bi shi, ba shi zai bi ka ba."

Ya sassauta. Suka tafi a hankali a kan buhunan, ƙaton mutum a sunkuye, kare a gaba. Tun daga ranar shi ke fitar da shi da safe.

Matan zumunta a coci suna cewa tausayi gare ni, na ɗauki tsohon karen da ba nawa ba. Ban ce babu ba. Amma a ƙauyenmu, duk da yunwa, kare yana tsufa a idon mutane, ko an sayar da shi an san an yi. Yanzu a bayan get yake tsufa, a kulle a tafi, a ce an ɗauka wani ya tafi da shi. Gidaje sun yi santsi, kowa da makulli a hannu yana sauri. Ban sani ba ko don kare ɗana yake yi, ko don ya san ina kallo. Ban sani ba ko tukunar nan ta mutu, ko barci take.

Shi ya sa kowace safiya nake jan labule kaɗan. Ba karen nake kallo ba, hannun ɗana nake kallo, in ga yadda yake riƙe majanyin. Yau ma ya ɗan ɗaga da yawa. Gobe zan sake buga masa taga, tun ina da hannun bugawa.