Tukunyar Allura a Hanyar Argungu

Shekara bakwai da aurena ban taɓa yin ko ɓatan wata ba. Lokacin ina koyarwa a makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, ƙasa kuma ba ta daɗe da samun mulkin kai ba. Maigidana ne ya kai ni Sakkwato wajen wata likita. Ta duba ni, ta ba ni allura shida a 'yan ƙananan kwalabe, ta rubuta ranar da za a yi mini kowace. Abu biyu ta ja mini kunne a kai: kada in tsallake rana, kada kuma zafi ya taɓa maganin.

Ba mu da firji. Sai na samo ƙaramar tukunyar ƙasa, na zuba jiƙaƙƙen yashi, na binne kwalaben a ciki, na rufe da tsumma, na ajiye a gindin randa. Safe da yamma nake yayyafa mata ruwa.

Saura allura biyu ƙanwata ta haihu a Argungu, ɗanta na huɗu, ranar suna kuma ta faɗo daidai da ranar allura. In ban je ba na san abin da dangi za su ce: baƙin ciki ne ya hana ta zuwa. Don haka ana gobe suna na ɗauki tukunyata da takardar likita na shiga motar katako. Bazara ce, tun hantsi rana ke dukan mutum. Na zauna a kan buhun albasa, na rungume tukunyar a cinya, na lulluɓe ta da mayafi. Kusa da ni wata Kirista ce 'yar ƙasar Jos, mai sayar da atamfa. Gaisuwa kawai ta haɗa mu.

Mun wuce Zauro kaɗan muka tarar da 'yan doka biyu sun gitta itace a hanya. Ɗaya ya hau motar yana zungurar buhuna da kulki, har ya iso kaina.

"Ke, mi ke cikin tukunyag ga?"

"Maganina ne, ranka ya daɗe."

Ya fizge ta, ya tona yashin da yatsa. Da ya ga kwalabe sai fuskarsa ta washe. A shekarun nan hukuma na farautar masu bin ƙauyuka suna yi wa mutane allura ba da izini ba, shi kuwa ya ɗauka ya yi babban kamu. Ya sa na sauko. Ya dangwarar da tukunyar a kan murfin injin mota, ƙarfen da ba ya taɓuwa da hannu don zafi, ya yar da tsumman a ƙasa.

Na miƙa masa takardar likita. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya. Turanci ne, bai iya ba. Na ce bari in karanta masa, ya ce wanda aka kama ba ya zama shaidar kansa.

"Don Allah ka mayar da ita inuwa, sai mu yi magana," na ce. "Zafi na kashe maganin."

"Sai kin hwaɗi ciwon da ke damunki, kowa shi ji."

Ina kallon yashin bakin tukunyar yana yin fari. Sama kuma maza sun leƙo ta jikin katako suna jira. Abin da ban taɓa furtawa ko a gaban mahaifiyata ba, shi wannan mutum ke so in shelanta a bakin titi. Na faɗa a hankali. Ya kama kunne ya ce bai ji ba.

"Na haihuwa ne!" na daka masa tsawa. "Ban haihu ba, shekara bakwai! Ka ji, ko in ƙara?"

Sai ɗan dokan ya kwashe da dariya, ya waiwayi ɗan'uwansa. "Ashe juya muka tare. Ke, allura ka ba da ɗiya?"

Har yau ban manta da dariyar nan ba. Wa ya ba shi wannan ikon? Rigar da ke jikinsa aka ba shi don ya tsare mutuncina, da ita ya tozarta ni.

Mai atamfar nan ce ta diro daga mota. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta sauke tukunyar daga kan injin, ta tuttule mata ruwan gorarta duka, ta cire ɗankwalinta ta rufe.

"In laifi ne, ka haɗa da ni," ta ce masa.

Wani dattijo manomin shinkafa ya yi magana daga sama: "Yaro, ka ji tsoron Allah. Ɗiyar wani ce, matar wani ce."

Ɗan dokan ya ɗaga itacen yana yatsina, kamar shi ne ya yi mana alfarma. "Ku tahi."

Sauran tafiyar ma ba ta yi daɗi ba. Kowa ya zama likita: wannan ta san wani malami, wancan ya san wata saiwa. Ita kuwa mai atamfar tana riƙe da gefen tukunyar duk sanda mota ta faɗa rami. A tasha muka rabu, ban ma tambayi unguwarsu ba.

Washegari malamin asibitin Argungu ya ɗaga kwalbar ya duba, ya ce ido ba ya gane ko ta lalace. Ya yi mini allurar, na koma gidan suna na kama tuƙin tuwo. Watan ya zo ya wuce ba labari. Ko zafin injin ne ya kashe maganin, ko dama ba rabo, ban sani ba, kuma ba mai iya gaya mini.

Maigidana ya rubuta takardar ƙara, ya kai da hannunsa, aka ce za a bincika. Bayan wata uku na sake bin hanyar. Mutumin na nan a inda yake, har an ƙara masa igiya a hannun riga. Ya hau motar, ya zunguri kwandon da ke gabana, ya dube ni ido cikin ido ya wuce. Bai ma gane ni ba.