Iskar Da Ta Ci Yaya Sale

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, wanda muke ciki ɗaya, amma har yau in na bi ta hanyar Rijau na hango gidan kajinsa, sai in kau da kai.

Yaya ba ya kwashe kashin kaji sai gab da damina, lokacin da manoman Zugurma ke zuwa sayen taki. Wata da watanni kashin na taruwa a kan ɓuntun shinkafa, ruwan shan kaji na zuba a kai. In ya kawo sababbin 'yan tsaki kuma, sai ya rufe tagogi da leda ruf don kada sanyi ya kama su, ya wuni a ciki tare da su. Ni ko ƙofar ba na iya tsayawa, idona ya riƙa ruwa ke nan kamar mai yanka albasa. In na yi magana ya yi dariya, ya ce, "Ke dai Ladi raki gare ki, ai hanci sabawa yake."

Hancin ya saba kuwa, huhun ne bai saba ba. Tari ya fara, muka ce mura ce. Muka bi shi da zuma da citta har ya kai ba ya iya gama Fatiha da numfashi ɗaya. Sai a asibiti likita ya gaya mana cewa iskar da ke tashi daga jiƙaƙƙen kashin kaji, wai ita amoniya, ita ta daɗe tana ƙona masa hanyar numfashi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da zai leƙo Kontagora yau, ban san ko murna zai yi ba. A zamaninsa gidan kaji bayan gari yake. Yanzu katanga ɗaya ce tsakanin kaji da ɗakin mai jego. A gona ma ana watsa takin yuriya a kan ƙasa ba a rufewa, rana ta buga shi, iskar ta tashi, mu shaƙa. Wannan abu yana ci mini rai, wallahi.

Ya bar suna mai kyau, ya bar marayun da ya riƙe, ya bar sana'a a hannun ɗansa Nuhu, wanda ya ninka kajin, bai kuma sauya komai ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, ya ce, "Gwaggo, ajali ne ya ɗauki Baba." Ban musa ba, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ranar Juma'a matar Nuhu ta zo gaishe ni. Da za ta tafi sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Gwaggo, wane magani ne Baba yake sha na tari?"

Nan na gane Nuhu ma ya fara tari, na ce mata ta dawo ta zauna. Duk na san sunayen magungunan, babu wanda ya yi wa Yaya aiki.