Ranar da Bijimin Baba Hammadu Ya Cika Allon Alhaji

Kirrr, kirrr. Wayata ce take ɓari a cikin kwanon silba, inda nake ajiye ta in ina girki don kada kira ya wuce ni. Ranar Litinin ce da hantsi, saura sati uku babbar salla, ina tsaka da kaɗa miyar kuɓewa. Ku ƙannena da kuke koyon aikin nan kun sha tambayata ranar da ba ta fita raina. To daga ƙarar kwanon nan ta faro.

Ga waɗanda ba su san ni ba, karatuna a sakandare ya tsaya, aka yi mini aure. Bayan haihuwata ta biyu na yi kwas na ordinatar, wato kwamfuta, a nan Garwa, na samu aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, mai haɗa wa mutane shafukan intanet. Daga gida nake yi, ranar Alhamis kaɗai nake leƙawa. Mu huɗu ne, kuma mai wurin, Musa, kowa Shef yake ce masa. A katinsa an rubuta babban injiniya, ko da yake har na bar wurin ban ga ƙaramin ba. Zafin Garwa bai taɓa raba wuyansa da tayet, wato naktaye, ba.

Aikin da ke hannunmu na wata ƙungiyar dillalan shanu da mahauta ne. Suna son shafin da masu saye daga Kuseri ko Meiganga za su ga dabba kafin su hau mota. Maigidana, Malam Sani, mahauci ne a ƙungiyar, shi ya gaya wa shugabanta, Alhaji Ɗanjuma, cewa iyalinsa na aiki a biron. Da bakinsa muka samu aikin. Dama abokan sana'arsa sun daɗe suna masa shaƙiyanci wai ya bar matarsa tana danne-danne. Ya taɓa ce mini a hankali, yana wanke hannu, “Ni ban hana ki ba. Amma ranar da abin ya jawo mini magana a mayanka, sai ki haƙura.” Na ce to. Mutum ne da ba ya maimaita magana.

Na ɗauki wayar da hannun hagu.

“Madam, an sa ranar buɗe shafi, Asabar mai zuwa. Na yi wa Alhaji alkawari yana shigowa zaure hotonsa zai cika babban allo da kansa. Plen ekiran! Otomatik!”

“Shef, cika allo zai yiwu. Da kansa ne ba zai yiwu ba.”

“Me ya hana?”

“Burawuza ba ta yarda, sai mutum ya taɓa wani abu da hannunsa.”

“Madam, ke ce za ki gaya mini abin da burawuza ke yarda?”

Bari in yi bayani don wanda ba ɗan sana'a ba. Shafin intanet guntu-guntu ne: ga hoto, ga rubutu, ga bidiyo, kowanne a akwatinsa. A JavaScript akwai umarni guda, requestFullscreen, da za ka ce wa akwati ɗaya ya mamaye allo, sauran duk su ɓuya a bayansa. Amma burawuza, wato manhajar da ke buɗe shafin, ba ta karɓar umarnin sai ya biyo bayan dannawar ɗan Adam. An yi haka ne don kada shafin wani macuci ya rufe maka allo ba ka sani ba ya yi shigar wani. Tamkar sallama ce, ba ka faɗa gidan mutane sai an amsa maka.

Shef ya kwana biyu yana kokawa da ita. Ya sa agogo ya ƙirga daƙiƙa biyar, ta ƙi. Ya sa shafin ya danna kansa da kansa, ta gane ba yatsa ba ne. Ranar Alhamis da na je biro ya ce ya yi nazari, ya ga zai fi armashi Alhaji ya danna da yatsansa mai albarka. Na ce wannan shawara ta yi kyau, Shef. Na raɗa wa hoton Alhaji suna, na rubuta cewa in an danna dogon maɓallin nan na ƙasa, a kira hoton da sunansa ya cika allo. Na gwada sau goma, lafiya lau.

A nan ne ya nuna mini wani hoto a wayarsa: jan bijimi, tozo kamar tulu, ƙaho kamar an zana. A kan hoton ya rubuta da farin rubutu, Daga garken Alhaji Ɗanjuma. Ya ce ado ne, zai sa shi ɗan ƙarami a shafin.

“Na Alhaji ne?” na tambaya.

“Shanunsa suna can kiwo bakin kogin Benuwai, wa zai bi su? A kara na ɗauka, kasuwar shanu. Sa ai sa ne, Madam.”

“Shef, ni matar mahauci ce. Mutanen nan sun fi gane shanunsu a kan 'ya'yan maƙwabta.”

“Hoton da bai wuce kwalin ashana ba? Ki je ki ɗora sanwa.”

Na yi shiru. Har yau ina istigfari a kan shirun nan, don na ga abu ba daidai ba na bar shi saboda gudun a ce na cika baki.

Ranar Asabar bayan azahar zauren da aka kama ya cika. An jera kujerun roba, an kawo folere, wato zoɓo, mai sanyi a jarkoki, an rataye talabijin mai faɗin tabarma. Ni ina gefe a bayan tebur da hijabina, ordinatar a gabana. Maigidana yana layi na biyu, ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, bai ko kalli inda nake ba. Shef ya yi jawabi da Faransanci na kusan rabin awa ga mutanen da rabinsu Fillanci kawai suke ji. Da ya ce modernisation a karo na shida, wani tsoho ya fara gyangyaɗi.

Sai sanƙira ya miƙe. “Jama'a a buɗe ido! Ga uban tafiya, ga bango madafar bayi! Da yatsa ɗaya zai cika muku allo da fuskar da kuka sani!”

Alhaji ya taso, ya gyara hannun riga, ya yi bismilla, ya danna.

Bijimi ya cika allo.

Tun daga ƙaho har kofato, yana kallon jama'a da bakinsa a karkace, yana tuƙa. Sanƙira da ya riga ya ɗebo numfashi bai iya tsayawa ba, sai da ya ƙarasa, “Ga shi nan, kowa ya san shi!” Wani a baya ya sarƙe da folere. Manya suka duƙar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya ce kawai. Amma dillalin shanu ba ya ganin sa ya ƙyale. Cikin ɗan lokaci dariya ta lafa, idanu suka koma aiki. Abin da kwalin ashana ya ɓoye, allo mai faɗin tabarma ya baje shi: tsaga biyu a kunnen dama, da shaidar wuta a cinya. Tsohon nan mai gyangyaɗi, wani dillali Bafillace da ake kira Baba Hammadu, ya tashi da sandarsa, ya taka har gaban talabijin, ya ɗora kan sandar a cinyar.

“Ngaari am,” ya ce. Sannan ya juya da Hausarsa mai nauyi. “Bijimina ne. Shaidar gidanmu ce tun kakana. Wannan rubutun na kansa me yake cewa?”

Wani ɗan neman fitina ya karanta masa da ƙarfi.

“Garken Alhaji?” Baba ya dubi shugaban. “Alhaji, yaushe muka yi ciniki ban sani ba? Ko da dare aka zo?”

A wannan sana'ar, ka rubuta sunanka a kan dabbar wani, ba a kiransa kuskure, wani suna ake ba shi. Fuskar Alhaji ta haɗe.

Shef ya ture ni daga gaban ordinatar yana neman ɗan kuros ɗin nan, alamar X ta rufewa. Babu shi, ai in allo ya cika komai ɓuya yake. Ya yi ta wulwula linzamin ordinatar, ya yi ta dukan dogon maɓalli, shi kuwa maɓallin abu ɗaya aka koya masa: cika allo. Gumi ya jiƙa tayet. Na miƙa yatsa ta ƙarƙashin hannunsa na taɓa Échap, maɓallin fita, bijimi ya koma ɗan akwatinsa.

“Wa ya yi wannan?” in ji Alhaji.

“Ranka ya daɗe,” Shef ya ce ba ko tari, “Madam ce ta haɗa shafin. Kun san aikin gida, ga yara, ga girki.”

Kawuna suka juya, amma ba wajena ba. Wajen maigidana. Na ga ya ɗora hannu biyu a gwiwa yana kallon ƙasa, wani mahauci a bayansa har ya fara murmushin da zai kai mayanka gobe da asuba. A raina na ce shi ke nan, gobe ordinatar ta koma kwali.

Alhaji ya dube ni. “'Yata, ke kika ɗauko hoton nan?”

Ban so in tozarta kowa ba, Allah ya sani. Amma ban ga dalilin ɗaukar kayan da ba nawa ba. Na ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ni na rubuta a kira hotonka da sunansa. Kara kuwa, tun da aka haife ni ban taɓa taka ta ba.”

Maigidana ya ɗago. “Haka ne, Alhaji. Ko ni da nake can kullum, abincina aikowa ake yi.”

Baba Hammadu ya karkata kai yana ƙare wa Shef kallo, irin kallon da yake wa saniyar da aka shafa wa mai don ta yi sheƙi.

“Kai ne! Ranar kasuwa ka zo da igiyar nan a wuyanka, ka tsuguna gaban bijimina da waya. Na ɗauka likitan dabbobi ne, har na ba ka goro.”

Wannan karon ba wanda ya duƙar da kai. Zaure ya ɗauka da dariya gaba ɗaya. Shef ya fara bayani da Faransanci, Alhaji ya ɗaga masa hannu. “Injiniya, zauna ka sha folere. 'Yata, gyara mana.”

Da na buɗe rubutun na ga ɓarnar. Da safiyar ranar Shef ya canja hoton Alhaji da wani sabo mai babbar riga, sunan da na raɗa ya ɓace, maɓalli ya daina aiki. Maimakon ya kira ni, sai ya rubuta a cika allo da hoton farko na shafi. Ya gwada, ya yi. Bayan nan ne ya ɗora bijimi a can sama don ado, bai sake gwadawa ba. Na goge bijimin, na mayar wa hoton sunansa. Ko minti biyar ban yi ba.

“Alhaji, a danna.”

“A'a. Yatsana ya yi aikinsa na yau. Baba, zo ka danna, kada wani abin naka ya sake fitowa.”

Baba ya danna da ɗan yatsa kamar mai taɓa garwashi. Fuskar Alhaji ta cika allo. Tsohon ya matsa kusa, ya duba kunnen dama, ya duba na hagu.

“Wannan kam naku ne,” ya ce. “Ba ni da magana.”

Kafin a watse, ƙungiya ta ce in za a ci gaba da biron, to ni zan riƙe shafin, kuma kowane hoto sai mai dabba ya gani ya amsa kafin a ɗora. Dillalan da suka zo kallon fuskar shugaba suka koma suna tambaya ko nasu shanun ma za su cika allon wayar mai saye, har a ga shaida. Shef ya yi wata guda yana gaishe ni da “Madam la teknisiyen” ba ya haɗa ido da ni.

Abin da na koya, ƙannena, kaɗan ne. Abin da kuke so ya cika allo, ku kira shi da sunansa, kada ku ce na farko, don ba ku san wa zai shigo gaba ba. In kun taɓa ko ɗigo ne, ku sake gwadawa. Kada ku sa ƙarya a ƙaramin akwati kuna cewa ba mai gani, wata rana wani zai danna. Kuma kada digiri ya sa ku raina mutumin da bai iya karanta rubutun kan hoto ba, wataƙila shi ya iya karanta hoton.

Da yamma maigidana ya shigo da ƙunshin kilishi, ya ajiye kusa da ordinatar, bai ce komai a kan aikin ba. Na gane amsar ke nan. Sai da muka zauna cin tuwo ya kasa daurewa, ya kwashe labarin ya ba yara, har da kwaikwayon tafiyar Baba da sanda. 'Yata Ummi, mai shekara bakwai, ba ta yi dariya ba. Ta riƙe lomarta tana tunani, can ta jawo gefen zanena.

“Inna, shi Kawu Shef ɗin, in aka cika allo da shi, wa zai taso ya ce nasa ne?”