Taku Ashirin da Biyu na Marjorie Tadlock

Shekara talatin da ɗaya Marjorie Tadlock ta yi tana tafiya a cikin ɗaki guda a garin Burbank. Sana'arta sanya wa fim ƙarar taku. Ana haska hoton a bango, ita kuma ta sa takalmi irin na 'yar wasan, ta taka katako ko tsakuwa daidai da ƙafar da take gani, ana ɗauka. Duk macen da ta yi tafiya a fina-finai goma sha huɗu na darakta Lyle Brandvold, ƙafar Marjorie ake ji. A jami'o'i ana koyar da yadda yake barin shiru ya yi tsawo har sai taku ya katse shi. Sau biyu suka taɓa haɗuwa, duka biyun Margaret ya kira ta.

Bara aka yi mata aiki a ƙugu. Da ta ji Brandvold ya ce wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe, ta roƙi Hector Quiroga, mai ɗaukar sautin da suka tsufa tare a wurin aiki, ya ba ta yini guda.

"Margie, likita fa ya ce ki huta," in ji Hector.

"Likita ya taɓa jin takuna? Kunna abinka, tsoho."

Wata mace ce a hoton take ratsa barandar asibiti, taku ashirin da biyu. Marjorie ta yi sau tara. A ido babu aibu. Hector ya cire abin sauraron daga kunnensa ya miƙa mata. Ta ji ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa kafin ta sauka.

"Takalmin ne," ta ce.

"Na uku ke nan muka canja."

Ta zauna tana kwance igiyar takalmin.

"To wa za ka kira?"

"Ba kowa. Ina da takunki na 1994 a kwamfuta. Shi zan jera."

"Ya yi kyau?"

"Ba a taɓa yin irinsa ba."

Fim ɗin ya fito a watan Maris. Tun da ba ta yi aiki a kansa ba, ba a sa sunanta ba. Yanzu tana zaune wurin ƙanwarta a Bakersfield. Takalmanta ƙafa ɗari da sittin suna gareji cikin kwalaye. Ta ce mini har yau ba ta sami wanda zai karɓe su ba, ko da kyauta.