Mutumin da ya gyara ƙofar Zaure

Da maigidana ya rasu, masu gaisuwa suka watse, sai maƙwabcinmu na ɗakin sama, wanda ake kira Mai Zaure, ya sauko ya ce in ba shi wayata. Ya ɗan lallatsa ya miƙo mini. Sai ga maganganun marigayi a rubuce, yana musu da abokansa kan kiwon tattabara. Wallahi har dariyarsa na ji a ciki.

Zauren nan ba gini ba ne. Tsohon dandalin hira ne na intanet da ke cikin wata kwamfuta a ƙarƙashin teburinsa, da fanka ɗaure da waya tana yi mata fifita. Gyaran injin fotokofi ne sana'arsa, amma ransa yana Zaure. Yawancin masu shiga tsofaffi ne, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya, rubutunsu ya rage.

Wata rana wani mara tsoron Allah ya cinki kalmar sirrin wani mamaci, ya shiga yana tallan caca da sunansa. Na hau sama wurin Mai Zaure.

"Malam, haka za a yi wa nawa?"

"Yaya, ƙofar ce ta zama rigar faci," in ji shi. "Abin da ke duba ƙarfin kalmar sirri, nan na rubuta ɗaya, can na rubuta wani, kowa da dokarsa. Wani ko ɗaya-biyu-uku ka ba shi, marhabin zai ce. Zan haɗe su, mai gadi ɗaya, doka ɗaya."

Ya duƙufa. Nakan kai masa shayi, in dawo in tarar ya huce ƙuda na iyo. Da ya gama har aski ya yi don murna.

Ashe sabon mai gadin bai san na gida ba. Masu sabuwar rajista aka so ya tare, sai ya tare har tsofaffin, ya ce kowa ya sake kalma. Suka sake, gari ya waye sun manta. Saƙon tuna musu kalmar kuma yana zuwa tsofaffin adireshin imel ɗinsu da suka daɗe da mutuwa.

Wani tsohon direba ya zo har ƙofa yana haki.

"Kai Mai Zaure! Tun kana da gashi nake shiga da sunan jikata. Yau ka ce sai na haɗa da lamba da wata alama mai kama da ƙugiya? Ni da nake neman tabarau yana goshina!"

"Baba, ka yi haƙuri, zan buɗe maka da hannuna."

"Riƙe abinka, ɗan nan. Ka kori ɓarawo ka haɗa da masu gida."

Ya gyara kuskuren, ya bi su a waya ɗaya bayan ɗaya. Sun riga sun koma rukunin hirar waya da 'ya'yansu suka buɗe musu. Sunan marigayi dai ya tsira, ba wanda ya taɓa shi. Sai dai ba mai ba shi amsa.

Daga baya ciwon ido ya kama Mai Zaure, har haruffa suka daina tsaya masa. Ranar da ƙanwarsa ta zo tafiya da shi, ya sauko da kwamfutar a rungume, ya jona ta a bayan ƙofata, fankar tana ƙara.

"Yaya, kada ki kashe ta," ya ce. "Kullum in kin idar da sallah, ki shiga ki rubuta sallama kawai. Ko wani zai dawo, kada ya tarar ba kowa."