Furannin Inna Salamata Za Su Koma Dapaong

Da an idar da sallar asuba a unguwar Komah, nan Sokode, Inna Salamata takan zuba yashi a gindin tukunya, ta jera gwangwanayen madara goma sha biyu cike da ƙullu, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Tanderunta ke nan. Idan ƙananan gato, wato kek, suka huce, sai ta zauna a ƙofar gida ta kaɗa farin ƙwai da sukari har ya tsaya, ta raba shi uku: ja daga zoɓo, rawaya daga gangamau, kore daga ruwan zogale. Ta naɗe takarda kamar mazurari, ta matsa, fure ya fito a kan kowane ɗaya.

Shekara goma sha tara ta yi tana kuku a gidan kumandan, Baturen mulki. Duk bikin Faransawa na watan Yuli baƙi su tafa wa madam, matar kumandan, ita kuwa tana baya tana wanke kwanoni. Da ta bar aikin, mu ma ba mu fi su ba. Aka yaɗa cewa da man alade take yi. Ba ta yi musu da kowa ba, tukunyarta kawai ta fito da ita waje, kowa ya ga man shanun da Fulani ke kawo mata. Liman da kansa ya ci ranar sunan jikarsa, ya nemi ƙari. Yau babu biki a Zongon Sokode da ba a jera furanninta a faifai. To, wa ya taɓa miƙewa a taro ya ambaci sunanta? Mu ci, mu lashe yatsu, mu tashi!

Zan faɗi gaskiya, ina kishinta. Ni da na gama lakwal, makarantar boko, nake koyarwa, shekara huɗu ina rubuta kira ga iyaye su koya wa 'ya'yansu sana'a, ina mannawa a kasuwa, ba wanda ya tanka. Ran nan sai ga takardata a hannunta, a naɗe, kore na ɗiga daga bakin takardar.

"Inna, ai rubutuna ne wannan!"

"Allah ya yi maka albarka, Bukari. Taka ta fi ta kanti kauri, ba ta yoyo."

Ita ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma aikinta ya shiga gidajen da ni ba a yi mini ko tayin tabarma.

Garin Dapaong ma ina kishinsa, har ya fi. Ɗanta Alidu, mahauci a can, ya aiko a tafi da ita bayan Sallah, saura kwana ashirin. An ce wasu mata uku sun riga sun tanadi gwangwanaye suna jiranta. Mu da muka zauna da ita shekara da shekaru, ko mutum ɗaya bai durƙusa ya koya ba. Ranar da mota ta tashi, sana'ar ta bar garin nan gaba ɗaya.

Na je ina ta faɗa a kan lalacin mutanenmu. Ta bari na gama.

"Kai da ke cewa a turo yara, hannunka ciwo yake?"

"Inna, ni fa malami ne."

"To, malam, wanke hannu."

Inna Salamata, gwanar fure, ke ce kika amsa ƙazafi da buɗaɗɗiyar tukunya. Ke ce kika sa launi a bukukuwanmu, muka hana ki godiya. Ga tawa, ko da ta makara: na gode, Allah ya saka.

Ku kuma, mutanen Komah, tun Talata ina zaune a ƙofarta. Furena na farko ta ce ya fi kama da kashin kaza, na jiya kuwa ta dube shi ba ta kushe ba. Akwai sauran wuri a tabarmar. Ku zo da gwangwani, takarda tana wajena da yawa.